Nazarin Lamari: Ɗalibin da Ya Nemi Fatar Ishaya a Intanet

Asalin lamarin: Janairu 2023

Ɗalibin yana karatun digiri na biyu a sashen nazarin addinai na wata jami'a a arewacin Najeriya. Larabcinsa mai ƙarfi ne, ajami kuwa tun a makarantar allo ya iya shi. Ibrananci shekara ɗaya ya yi yana koyo: ya san haruffan nan 22, yana kuma iya bin aya a hankali idan da ƙamus a gefensa. A Janairu 2023 sashen ya amince da batun kundinsa, wato kwatanta sura ta 40 zuwa ta 55 na littafin Ishaya yadda suke a naɗaɗɗun fatun Tekun Gishiri da yadda suke a nassin Masora, nassin da malaman Yahudawa na Tibariya suka yi wa wasali da alamomin karatu.

An gano fatun tsakanin 1947 da 1956 a koguna 11 kusa da Kumran, wani kufai a gaɓar Tekun Gishiri. Ragowar littattafai ne kimanin 900, mafi yawansu da Ibrananci, wasu da Aramiyanci, kaɗan da Girkanci, an rubuta su daga ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa ƙarni na 1 miladiyya. Babbar fatar Ishaya daga kogo na 1 ta fito. Fatu 17 ne aka ɗinke, tsawonta mita 7.34, rubutunta ya kasu ginshiƙai 54, ana kuma ɗora ta a wajajen shekara ta 125 kafin haihuwar Annabi Isa. A ɗaya ɓangaren, na nassin Masora, akwai Kundin Halab na wajajen 930, da ke Birnin Kudus, da Kundin Leningrad na 1008, da ke San Fitasbag. Tazarar shekara dubu ke nan tsakanin abubuwan da zai kwatanta.

Laburaren jami'ar ba shi da ko ɗaya daga juzu'i 40 na bugun fatun da Oxford ta fara fitarwa a 1955, wanda masana ke kira DJD. Kuɗin tafiya Birnin Kudus ko San Fitasbag babu. Abin da yake da shi kwamfutar tafi-da-gidanka, waya, da data ta wata-wata.

Fabrairu zuwa Afrilu 2023: tara kaya

Wata uku ya yi yana rubuta kalmomi a Google yana ɗaukar abin da ya fito a sama. Ya tara adireshin shafuka 46 a fayil guda. A ciki akwai bidiyoyin masu wa'azi na ɓangarori dabam-dabam, kowa na jan fatun su tabbatar masa da abin da ya riga ya yarda da shi. Akwai shafukan da ba sunan marubuci ba kwanan wata. Akwai hotunan da ake turawa a WhatsApp na baƙar fata da rubutun ruwan zinare, ana cewa Attaura ce ta asali. Ya kuma tambayi wata manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira, ta jero masa maƙaloli 7 da sunayen mujallu da shekarunsu.

Cikin tarin akwai shafuka biyu masu inganci. Na farko shi ne na Gidan Tarihi na Isra'ila, wanda tun Satumba 2011, da haɗin gwiwar Google, ya ɗora hotunan fatu 5, har da babbar fatar Ishaya. Na biyu Sefaria, laburaren kyauta na littattafan Yahudawa. A shafin gidan tarihin, idan ka taɓa aya a jikin hoton, fassarar Ingilishi takan bayyana. Ya kwafe waɗannan fassarori ya jera su a tebur a matsayin abin da fatar ta ce, ya ɗauko na Sefaria ya jera a matsayin abin da Masora ta ce. Da ya kwatanta sai ya ga kusan babu bambanci, ya rubuta haka a babi na biyu, ya miƙa a ƙarshen Afrilu.

Mayu 2023: babin ya dawo

Malamin da ke duba aikin ya dawo da babin da gyare-gyare huɗu.

Na farko ya rushe teburin gaba ɗaya. Fassarar da ke bayyana a kan hoton ba fassarar fatar ba ce. Fassarar nassin Masora ce ta 1917, an sa ta ne don mai kallo ya san inda yake a cikin littafin, shafin ma ya bayyana haka a bayaninsa na gefe. Ɗalibin dai ya kwatanta Masora da Masora. A daidai wannan bayanin na gefe gidan tarihin ya ce bambance-bambancen fatar da nassin Masora sun haura 2,600.

Na biyu ya shafi Sefaria. Abin da ke can nassi ne da aka buga da haruffan kwamfuta. Yana da kyau wajen neman aya da ganin abin da masu sharhi irin su Rashi da Ibn Ezra suka ce a kanta, amma ba hoton wani rubutun hannu ba ne, don haka ba a kafa hujja da shi a ce ga abin da ke shafi kaza na Kundin Halab.

Na uku, cikin maƙalolin nan 7, an samu 3 a Rambi, ma'ajiyar sunayen maƙalolin nazarin Yahudanci da Laburaren Ƙasa na Isra'ila ke kula da ita. Sauran 4 ba a same su a can ba, ba a kuma same su a mujallun da aka ce sun fito ba.

Na huɗu shi ne ya fi nauyi. A gabatarwarsa ya rubuta cewa an samu littafin Nehemiya a Kumran, ya kafa hujja da wani guntun fata mai ɗauke da Nehemiya 2:13-16. Wannan karon madogararsa ba ta banza ba ce a ido: littafi ne na masana da kamfanin Brill ya buga a 2016, mai nazarin guntaye 13 cikin 16 da ke Gidan Tarihin Baibul na birnin Washinton. Sai dai a Oktoba 2018 gidan tarihin ya janye 5 daga ciki bayan gwajin da aka yi a Jamus, a Maris 2020 kuma binciken da Colette Loll, mai bin diddigin jabun kayan tarihi, ta jagoranta ya bayyana cewa duka 16 jabu ne. Fatar tsohuwa ce, tawadar sabuwa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma an ga tawada ta kwanta cikin tsagogin da suka riga ta, ta malala ta gefen da ya riga ya yage, abin da ba zai faru ba da a sabuwar fata aka yi rubutun. Waɗannan suna cikin guntaye sama da 70 da suka shigo kasuwar kayan tarihi daga 2002, ba wanda ya iya nuna kogon da suka fito. Maganar da ake yawan ji cewa an samu kowane littafi a Kumran ban da Esta, ta dogara ne ga lissafa Ezra da Nehemiya a matsayin littafi ɗaya, kamar yadda al'adar Yahudawa take. Guntun Ezra ne aka samu a kogo na 4.

Yuni zuwa Agusta 2023: sake gini

Malamin ya hana shi rubuta sabon babi har sai kowace madogara ta amsa tambayoyi huɗu. Wace hukuma ke riƙe da ainihin fatar ko takardar? Mece ce lambarta a ma'ajiyarsu? Abin da ke kan allo hoto ne, ko kwafin haruffa, ko fassara? A ina aka same ta, kuma an sake cewa wani abu a kanta bayan an buga ta? Da yake ɗalibin ya taɓa karanta ilimin hadisi, malamin ya kwatanta masa abin da matani da isnadi: hoton shi ne matani, lamba da mai riƙo da tarihin samuwa su ne isnadi. Cikin adireshi 46, guda 5 suka tsallake.

Makon farko a kan lambobi ya ƙare. A sunan kowace fata, lambar farko kogo ce, Q kuma Kumran, abin da ya biyo baya sunan littafi ne ko lambar jeri. 1QIsa da ƙaramin harafin a ita ce babbar fatar. Mai ƙaramin b kwafi ne na biyu daga kogon, lambarsa 1Q8. Kwafe-kwafen Ishaya na kogo na 4 sun fara daga 4Q55, don haka 4QIsa mai ƙaramin d shi ne 4Q58. Wanda bai san wannan ba zai yi ta rubuta sunan Ishaya a akwatin bincike yana samun tarin guntaye bai san wanne ne wanne ba.

Daga nan ya shiga laburaren Leon Levy, wanda Hukumar Kayan Tarihi ta Isra'ila ta buɗe a Disamba 2012. Nan ya fara yin kuskuren neman babbar fatar, alhali wajen karanta ta shi ne shafin gidan tarihin, inda take ajiye. Amfanin Leon Levy guntayen kogo na 4 ne da makamantansu. Guntu ɗaya yakan zo da hoto iri uku: mai launi, na hasken infrared, wanda ido ba ya gani, da tsohon hoton shekarun 1950 mai lambar PAM, wato ta Gidan Tarihin Falasɗinu, mafi yawansu aikin mai ɗaukar hoto Najib Albina. Kowanne da aikinsa. A mai launi ana ganin yanayin fatar, ɗinki da tabo, amma sau da yawa fatar ta yi duhu har ta haɗiye rubutun. A na infrared fatar takan yi fari, tawadar ta fito baƙa ƙirin. Tsohon hoton kuwa wani lokaci shi kaɗai ke riƙe da harafin da ke bakin guntun, domin a cikin shekarun da suka biyo baya gefen ya marmashe. Ƙa'idar da ya bi: ya karanta a infrared, ya tabbatar a mai launi cewa abin da ya ɗauka tawada ba rami ko inuwa ba ne, sannan ya duba tsohon hoton. Rami ƙarami yakan fito baƙi tamkar harafin yod, mafi ƙanƙanta a haruffan Ibrananci.

Ya kuma koyi alamomin masu kwafe rubutun. Abin da ke cikin baka mai kusurwa ba ya jikin fatar, hasashen edita ne na abin da ya ɓace. Ɗigo a kan harafi na nufin ana kyautata zaton shi ne, ƙaramin da'ira kuma na nufin mai yiwuwa ne kawai. Fassarori da yawa a intanet sukan share waɗannan alamomi, sai hasashe ya koma kamar abin da aka gani da ido.

Akwai matsalolin aiki na yau da kullum. Hotunan manya ne, a gutsure suke saukowa yayin da ake zuƙowa, da rana kuma layin ba ya ɗauka. Ya mayar da aikin hoto bayan sallar asuba zuwa ƙarfe 8. Kowane hoton allo da ya ɗauka, nan take yake sa masa suna da lambar rubutun, lambar faranti da lambar guntu. Haruffan Ibrananci suna watsewa a Word, wasali na zamewa daga ƙarƙashin harafi, sai da ya sa nau'in haruffa na SBL Hebrew, wanda kyauta ne, ya kuma juya sakin layin ya fara daga dama. Don maƙaloli ya koma ga Rambi da jerin Cibiyar Orion ta Jami'ar Ibrananci, ya buɗe asusu na kyauta a JSTOR, ma'ajiyar maƙaloli ta intanet, mai ba da damar karanta maƙala 100 a wata.

Satumba 2023: gwaji da aya ɗaya

Kafin ya koma kan surori 16, an sa shi ya bi aya ɗaya tun daga tushe: Ishaya 53:11. A babbar fatar tana ginshiƙi na 44. Fatar ba ta da lambar sura ko aya, ba ta da wasali, sai ya ƙirga layuka yana bin kalmomi da yatsa a kan allo. Kwana biyu ya ɗauka. A hoton Kundin Halab da na Leningrad ayar na cewa zai gani, ya ƙoshi, ba a faɗi abin da zai gani ba. A fatar, bayan kalmar «yir'eh», wato zai gani, akwai haruffa uku: alef, waw, resh. Ana karanta su «or», haske. Zai ga haske. Ya sami wannan karatun a 1Q8 da 4Q58, tsohuwar fassarar Girkanci ma da kalmar haske take.

A wannan ginshiƙin ya ga irin bambancin da ya fi yawa cikin 2,600 ɗin nan. Mai rubutun fatar yana ƙara waw da yod da alef don nuna wasali: «lo», wato a'a, ya rubuta ta da haruffa uku inda Masora ke da biyu, «ki» kuma ya ƙara mata alef a ƙarshe. Wanda ya saba da ajami ya san wannan, marubuta biyu kan rubuta kalma ɗaya, wani ya ja wasalin da harafi wani ya bar shi, ma'ana ba ta motsa ba. Sabon teburinsa ya raba bambanci gida uku: na rubutu, na nahawu, da na ma'ana. Ya kuma ƙara gargaɗi cewa surorin da yake nazari duk suna rabi na biyu na fatar, wanda binciken Jami'ar Groningen na 2021 ya nuna hannun marubuci na biyu ne, daga bayan ginshiƙi na 27. Abin da ya gani na ɗabi'ar rubutu bai halatta ya shimfiɗa shi a kan fatar duka ba.

Oktoba 2023: shafi ya rufe

Ya ɗauko wasu rubuce-rubucen hannu biyu na littattafan Annabawa daga Yemen a shafin Laburaren Birtaniya don ƙarin kwatanci. A ƙarshen Oktoba masu kutse suka kai wa laburaren hari, sashen hotunan rubuce-rubucen hannu ya rufe na watanni. Ɗaya daga cikin biyun ya rubuta lambar ma'ajiyarsa, sai ya neme shi a Ktiv, ma'ajiyar da Laburaren Ƙasa na Isra'ila ya buɗe a 2017 mai tattara bayanan rubuce-rubucen Ibrananci na laburaren duniya, ya sami bayaninsa, ya haɗa da hotunan allon da ya ajiye. Na biyun adireshin shafin kawai ya kwafa tun kafin sabuwar ƙa'ida, hotunan ba suna. Ya kasa tabbatar da ko wanne ne, ya cire shi daga kundin.

Janairu zuwa Maris 2024: Genizar Alƙahira

Babi na huɗu ya buƙaci ganin yadda Yahudawan zamanin Masora suka fahimci ayoyin. Nan Larabcinsa ya yi rana. Geniza ɗaki ne a majami'ar Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, inda a da ake zuba rubutun da ya tsufa don kada a wulaƙanta sunan Allah. A 1896 zuwa 1897 Solomon Schechter, malami a Jami'ar Kambirij, ya kwashi guntaye kimanin 193,000 zuwa Kambirij, sauran suka warwatsu a laburare da dama. Da yawa daga ciki Larabci ne da haruffan Ibrananci, ajamin Yahudawa ke nan. Sa'adiya Ga'on, haifaffen Fayyum a Masar wanda ya rasu a 942, ya fassara Ishaya zuwa Larabci, kuma da waɗannan haruffa aka yi ta kwafar fassarar.

Ya ɓata kwana goma a shafin Geniza na Jami'ar Princeton kafin ya gane cewa wasiƙu, takardun aure, na kotu da na ciniki ne aikinsu, ba nassin addini ba. Abin da yake nema yana shafin Friedberg, mai buƙatar rajista ta kyauta, da laburaren intanet na Kambirij, inda lambobi da yawa ke farawa da T-S. Wahalar karatun ɗaya ce babba: haruffan Larabci 28 ne, na Ibrananci 22, sai harafi ɗaya ya ɗauki sauti biyu, a bambanta su da ɗigo, marubutan kuma sukan bar ɗigon. Dal da zal harafi ɗaya, sad da lad harafi ɗaya. Cikin mako uku ya fara karantawa ba tare da tebur a gefe ba.

Sakamako: Yuli 2024

Ya miƙa kundin a Yuli 2024, wata 6 bayan lokacin da aka tsara. Ya rage faɗin aikin daga surori 16 zuwa 4, daga ta 50 zuwa ta 53. Kowane karatu da ya kawo yana ɗauke da sunan mai riƙo, lambar rubutu, ginshiƙi da layi, irin hoton da aka duba, da ranar dubawa. An cire maganar Nehemiya, an maye gurbinta da sakin layi kan guntayen bayan 2002 da dalilin barinsu. Gibi ɗaya ya rage: juzu'i na 32 na DJD, bugun fatun Ishaya na kogo na 1, bai samu ya riƙe shi ba sai shafukan da ya roƙa ta hannun laburare, ya kuma rubuta haka a gabatarwa. Masu jarrabawa sun amince da kundin da ƙananan gyare-gyare.

Hukunci

Watanni ukun farko ba don ƙarancin shafuka masu kyau suka lalace ba. Shafin gidan tarihin yana hannunsa tun Fabrairu 2023, kuma da shi ya tafka kuskurensa mafi girma, domin bai raba hoto da kwafi da fassara ba. Kowanne cikin ukun aikin mutum dabam ne, kuma kowane mataki da aka yi nesa da fatar, ra'ayin wani ya ƙaru a ciki. Bidiyoyi da hotunan WhatsApp ba su ne haɗarin gaske ba, tambaya ɗaya ta kore su. Haɗarin yana wajen abin da ya yi kama da inganci: fassara a shafin hukuma, maƙala mai sunan mujalla da shekara, littafin fitaccen kamfani. Guntun Nehemiya ya wuce ta hannun manyan masana kafin ya iso gare shi, don haka ba a ga laifinsa na yarda da bugun 2016 ba. Laifinsa shi ne bai nemi abin da aka ce bayan 2016 ba, alhali rahoton 2020 ya shekara uku a fili.

Sashen ma yana da nasa kason. An amince da batun da ke buƙatar karanta rubutun hannu marar wasali ga ɗalibi mai Ibranancin shekara ɗaya, ba a zaunar da shi ko sau ɗaya an nuna masa yadda ake karanta lambar fata ba sai bayan babi ya lalace. Abin da ya koya a makon farko na Yuni, da a Janairu aka koya masa, da wata uku sun tsira. Gwajin aya ɗaya kuwa ya cancanci zama matakin farko ga duk mai irin wannan aiki, domin a kwana biyun nan ne aka gane cewa surori 16 sun fi ƙarfin lokacin da yake da shi, a nan ne kuma ya fara ganin alef, waw da resh da idonsa a ginshiƙi na 44.